Ladan Ɗan Gida

A Zangon Kwatano na Jamhuriyar Benin, akwai gidajen Hausawa waɗanda tuwonsu daga tsinin allura yake fitowa. Ɗinkin hula da aikin babbar riga ba na mutum ɗaya ba ne. Maigida ne yake sayo shadda da zare, shi ne kuma yake yin zane a kan yadi. Uwargida tana cike zanen bayan ta sauke tukunya. Samari suna ɗinki a zaure, ƙananan yara suna warware zare, suna kai kaya wurin wanki da guga. Hula mai kyau takan ci makonni, riga mai aska takwas kuwa takan ci watanni. Amma sa'ad da mai saye ya biya, hannu ɗaya ne yake karɓa. To, ɗan gida yana da lada a cikin wannan aiki, ko kuwa cinsa da shansa su ne ladansa?

Maigida yana da amsa, ba kuwa amsar banza ba ce. Shi yake biyan haya, shi yake ciyarwa, in ciwo ya zo shi ake nema. Haka shi ma ya yi wa mahaifinsa aiki, bai taɓa tambayar ko dala ba. Ga kuma wuyar kasuwa. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kuɗin shadda da zaren da ake kawowa daga waje ya hau nan take. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, masu saye da yawa suka daina zuwa. Keken surfani yana gama wuyan riga a yini ɗaya, shekara da shekaru kuma gwanjon kasuwar Missebo yana tufasar da talaka da araha. In aka ce ya biya kowane hannu da yake cikin gidan, in ji shi, sana'ar ta mutu, kowa ya kwana da yunwa.

Gaskiya ne. Sai dai a duba wurin da nauyin yake sauka. Mai zare ba ya ragi, mai gidan haya ba ya jira, mai saye kuwa yana da ƙafar zuwa wani shago. Abu ɗaya ne maigida yake iya ragewa ba tare da an ɗaga masa murya ba, wato rabon waɗanda kunya ta rufe wa baki. Ta haka ne a wasu gidaje ladabin yaro yakan zama jarin ubansa, har a kai ga abin da Hausawa suke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamaki shi ne, al'adar Bahaushe ta riga ta san cewa dangantaka ba ta soke hakki. Kuɗin sana'ar mace nata ne. Miji yakan sayi fura ko ƙosai a wurin matarsa, ya biya, ba wanda yake ganin baƙon abu ne. A birnin Zariya, inda mata suka shiga ɗinkin babbar riga da hannu tun wajen shekarun 1970, biyansu ake yi bisa ga aikin da suka gama. Uwargida a Zangon Kwatano ma ba kasafai take yin shiru ba, gama tana da adashinta, ta kuma san lissafi. Wanda ba shi da mai tsaya masa shi ne ɗa, da ɗan ƙane, da ɗan riƙo.

A ƙasar Benin yaron da aka kai koyon ɗinki wurin wani yana da ranar farawa da ranar gamawa. Iyayensa suna biyan kuɗin koyo, ya yi shekarunsa yana hidima, sa'an nan a yi bikin yaye shi a gaban jama'a, a sa masa albarka, a ba shi takardar shaida. Daga ran nan ya zama mai kansa. Ɗan gida fa? Ya fi baƙon iya aiki, gama tun yana rarrafe yake cikin zare, amma ba wanda ya yanka masa rana. Sai a ga mutum ya kai shekara talatin, ya yi aure, har yanzu in yana son kuɗin sabulu sai ya tsuguna ya ce, "Baba, a taimaka." Bai san nawa ake sayen shadda ba, bai san nawa aka sallama rigar da ya yi wata uku a kanta ba, masu saye ba su san sunansa ba. Ran da uban ya rasu, sana'ar takan bi shi kabari, 'ya'yan su kama kabu-kabu. Ba ƙeta ce take kawo wannan ba. Sau da yawa tsoro ne, kada yaro ya buɗe ido ya tafi da masu saye. Amma horon da ba shi da ranar ƙarewa ya daina zama horo, ko da uba ne yake yinsa.

Na ɗan riƙo ya fi ciwo. An kawo shi daga Gaya ko Malanville da sunan karatu da koyon sana'a, an ce wa uwarsa zai zama kamar ɗan cikin gida. Mutanen kudancin Benin suna kiran irin waɗannan yara vidomegon, an kuwa daɗe ana kuka da halin da suke ciki. In 'ya'yan gida sun saɓa jaka sun tafi makaranta, shi aka bar shi da allura, alkawarin ya karye ke nan, ko da ba a taɓa dukansa ba.

Doka ta yi nata. Tun 2006 gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare, dokar yara ta 2015 kuma ta hana sa yaro aiki kafin ya cika shekara 14. Amma doka ba ta shiga zaure da dare a watan azumi, lokacin da ɗinkin Salla ya taru, yaro yana gyangyaɗi a gindin fitila. A wurin nan lamirin maigida ne kaɗai alƙali. Ya kamata ya tuna cewa allura ido take ci, idon yaro kuwa ba kayan shago ba ne.

Ba a ce gida ya koma kamfani ba, ko ɗa ya riƙa kai wa ubansa takardar bashi. Yaron da ya warware zare bayan ya taso daga makaranta ba a cuce shi ba, an ba shi gādo ne. Abin da adalci yake nema bai fi ƙarfin talaka ba. Saurayi ya san kuɗin kaya da kuɗin sayarwa. A cikin hulunan da ya ɗinka a ware masa ɗaya, ya sayar da kansa, ya riƙe kuɗin, ko da zai yi asara a karo na fari. In mai saye ya yaba riga, a kira wanda ya ɗinka ta a nuna shi. A kuma faɗa masa a gaban kawunsa da gwaggonsa shekarar da za a sallame shi, tare da abin da zai fita da shi, ko da turmin shadda biyu ne da ƙullin zare.