Biyayya ko Tambaya? Abin Lura Daga Makarantun Yahudawa

Akwai wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu tarbiyya, watau shin wane ne ɗalibin kirki: wanda ya karɓi abin da malaminsa ya ba shi ya riƙe hannu bibbiyu, ko kuwa wanda ba ya barin magana ta wuce sai ya ce "don me?" Na farko ana yabonsa da ladabi, amma ana tsoron kada ya zama aku. Na biyu ana yabonsa da basira, amma ana tsoron kada ya gagari kowa. Ina so mai karatu ya biyo ni mu duba yadda makarantun je-ka-ka-dawo na Yahudawa a Turai da Amurka suka tunkari wannan matsala, domin su ta zame musu batun rayuwa. Jama'a ce 'yar kaɗan a tsakiyar wasu al'ummu. In 'ya'yansu suka saki gado sun narke ke nan, in kuwa suka rufe ido ga ilmin zamani an bar su a baya.

A shekarar 1853 wani malaminsu mai suna Samson Raphael Hirsch ya buɗe makaranta a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, bisa manufar haɗa karatun Attaura da abin da suke kira derek eres, kalmar da ta ƙunshi sana'a da sanin duniya da kuma ladabi. A 1937 aka kafa wasu guda biyu masu kama da ita a Amurka, Ramaz a New York da Maimonides a Boston, inda har 'yan mata ke zama aji ɗaya da maza suna karanta Talmud. Irin waɗannan makarantu sukan raba yini gida biyu: kashi ɗaya na Ibraniyanci da Attaura da Talmud da tarihin Yahudawa, ɗayan kuma na lissafi da kimiyya da harshen ƙasa. Hausawa dai sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to, su sun ce sai sun gwada.

Me suke so yaro ya fita da shi? Da farko, iya karanta nassi cikin harshensa na asali, yana bin kalma ɗaya ɗaya, ba tare da ya dogara ga fassarar wani ba. Na biyu, iya muhawara. Suna da wata hanyar karatu da ake kira havruta, inda ake haɗa ɗalibai biyu su tasa littafi ɗaya a gaba, wannan ya kawo fahimtarsa, wancan ya nemi inda ta yi rauni, sa'an nan su juya. Na uku, hali. A azuzuwa da yawa akan ajiye asusun tsedaka, kalmar da tushenta ɗaya ne da sadakarmu, sai dai a wurinsu ma'anarta ta fi kusa da adalci, watau haƙƙin matalauci ne ake mayar masa. Abin da suke fata a ƙarshe shi ne yaro ya zama mensh, wanda ba shi da wata fassara da ta wuce mutumin kirki.

To, ina biyayya ta shiga? A nan ne hikimar take. Tambaya ita kanta tana cikin gadon da ake miƙa wa yaro. A daren Idin Ƙetarewa, ƙaramin yaron gida shi ne ke tashi ya yi tambayoyi huɗu kafin manya su ba da labari. Talmud kuma cike yake da saɓanin malamai, kuma bai share ra'ayin wanda aka kayar ba. Misali, an fi bin hukuncin almajiran Hillel bisa na almajiran Shammai, amma dalilin da aka bayar shi ne tawali'unsu, domin sukan karantar da maganar abokan hamayyarsu, har ma su gabatar da ita kafin tasu. Ashe ke nan yaron da ya yi gardama cikin ladabi bai saɓa wa magabatansa ba, sawunsu ya bi.

Amma fa kada a ɗauka ko'ina haka abin yake. A 2022 jaridar New York Times ta buga wani bincike da ya nuna cewa a makarantun maza da dama na 'yan ɗariƙar Hasidi a New York, yara na tashi ba su iya Ingilishi da lissafi yadda ya kamata ba, saboda an ba karatun addini kusan dukan yini. Har wa yau, mai suka yana iya cewa tambayar da aka kewaye da shinge ba cikakkiyar tambaya ba ce: yaro na da damar ya tambayi ma'anar aya, amma yana da damar ya tambayi shingen kansa? Wannan suka tana da nauyi, kuma makarantun sun sha bamban wajen amsa ta.

A nawa ganin, babu ɗan Adam da ke tambaya daga sarari. Kowa yana tsaye ne a kan wani abu da ya gada. Wanda bai san komai ba, gardamarsa surutu ce. Wanda kuwa ya haddace komai amma aka hana shi buɗe baki, ranar da wani ya jefa masa tambayar da ba ta cikin haddarsa, sai ya rushe ko ya fusata. Saboda haka ma'aunin makaranta shi ne ɗalibin da zai iya faɗin hujjar abokin gardamarsa daidai yadda mai ita zai yarda, sa'an nan ya kawo tasa, su tashi ba gaba. Mu da muke jami'a, sai kowa ya tambayi kansa: rabona da in yi wa wanda na saɓa da shi wannan adalci tun yaushe? Matambayi dai ba ya ɓata, muddin ya tsaya ya saurari amsa.