GEMU BA YA HANA ILIMI: NASIHA GA IYAYENMU DATTAWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da ilimi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, nasiharmu a wannan fitowa ta shafi iyayenmu dattawa, maza da mata, musamman na ƙasar Adar, tun daga birnin Tawa har Affala, Barmu, Kalfu da Takanamat. Kowa ya san halin garuruwanmu. Da zarar an gama yankan gero an ɗaure damma, sai samari da magidanta su kama hanyar bida, wasu Abijan, wasu Nijeriya, wasu Libiya ko Aljeriya. Waɗanda ake bari a gari su ne tsofaffi da mata da yara. Ke nan tsawon watannin rani, sahun masallaci da tarbiyyar jikoki suna hannun dattawa. Idan dattijo bai gyara Fatiharsa ba, wa zai gyara ta jikan da ke kwana a ɗakinsa? Saboda haka muke kira da a buɗe wa dattawa darasi nasu na kansu a kowane masallaci da kowace unguwa.

Mu sani cewa Shari'a ba ta yanka wa neman ilimi shekaru ba. Wahayi ya sauko wa Manzon Allah (S.A.W.) yana da shekara 40, kuma farkon abin da ya sauka, a Suratul Alaƙ, umurni ne da karatu. A Suratu Ɗaha Allah Ya umurce shi da ya roƙi ƙarin ilimi, alhali shi ne mafi sanin halitta. A Suratul Kahfi an ba mu labarin Annabi Musa (A.S.), yana Manzo mai littafi, ya yi doguwar tafiya har ya gaji, don ya koyi abin da bai sani ba a wurin wani bawan Allah. Imamu Buhari kuma ya ambata a Littafin Ilimi na Sahihinsa cewa sahabbai sun yi karatu bayan sun manyanta. Da yawansu sun musulunta da furfura a kansu, suka zauna suka koyi alwala da salla tun daga farko.

Wani zai ce: na yi sallata shekara 50, me ya rage mini? Amsa ita ce, tsufa yana zuwa da hukunce-hukuncensa waɗanda mutum bai bukace su ba sa'ad da yake da ƙarfi. Littafin Ahlari, wanda yaranmu ke karantawa, ya koyar tun a farkonsa cewa baligi ba ya aikata abu sai ya san hukuncin Allah a kansa, ya kuma tambayi malamai. To, yaya mai ciwon gwiwa zai yi salla a zaune, kuma yaushe ne zaman ya halatta gare shi? Mene ne hukuncin alwalar mai yoyon fitsari? Yaushe majinyaci zai koma ga taimama? Wanda mantuwa ta yi wa yawa, ya san inda ake ƙabli da inda ake ba'adi? Tsohon da azumi ya gagare shi, an sauƙaƙa masa ya sha, kuma a mazhabar Imamu Malik an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana. Tsofaffi nawa ne ke wahalar da kansu saboda ba su san wannan rangwame ba?

Haka nan sha'anin dukiya. Dattijo ne mai rumbu da garke. Zakkar hatsi tana wajaba idan ya kai wasaƙi 5, wato sa'i 300, a fitar da ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka shayar da wahala. A mazhabarmu ba a haɗa gero da dawa don cika nisabi, kowane da lissafinsa. Tumaki da awaki idan sun kai 40 ana fitar da ɗaya, shanu daga 30 ake farawa, raƙuma daga 5. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Rigingimun gonaki da yawa da ke raba 'yan'uwa bayan rasuwar uba, asalinsu wata magana ce da uban ya faɗa ko wata kyauta da ya yi ba bisa sani ba. Wanda ya fi kusa da barin gado shi ya fi bukatar sanin hukuncinsa.

Mun san abin da ke hana iyayenmu zama gaban malami: kunya, da tsoron a ce sai yanzu. Ana kuma kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan karin magana kira ne ga iyaye su kula da yara da wuri. Su Hausawan da suka faɗe shi su ne kuma suka ce gemu ba ya hana ilimi, suka ce matambayi ba ya ɓata. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ga kuma bushara ga wanda harshensa ya yi nauyi: Buhari da Muslim sun ruwaito daga gare ta cewa mai karanta Alƙur'ani yana cijewa, karatun yana yi masa wuya, lada biyu gare shi. Tsohon da ya yi mako guda yana fama da aya ɗaya bai yi hasarar ko rana ɗaya ba.

Karantar da manya gadonmu ne a wannan ƙasa. A Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754. A littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali da amana daga ƙauyuka, ana kiran kowace jaji, ta naɗa su da malfa. Su ne ke jagorantar mata zuwa wurinta, su koyi tauhidi da tsarki da salla da kyawawan halaye ta hanyar waƙoƙin da ta tsara, su koma gida su koyar. Ku duba da kyau, tsofaffin mata ta ɗora wa wannan amana, domin su ne suka huta da goyo, kuma su ake jin maganarsu.

Ga abin da muke ba da shawara a kansa:

Na ɗaya, limami da kwamitin masallaci su ware wa dattawa maza lokaci, bayan Asuba zuwa hantsi ko tsakanin Magariba da Lisha, daga kaka har faɗuwar damina. Kada a haɗa su da yara a zama ɗaya, don a tsare musu girmansu.

Na biyu, a ware wa iyayenmu mata rana da gida sananne, da malama daga cikinsu idan akwai. Mata sun roƙi Manzon Allah (S.A.W.) ya ware musu rana, ya kuwa ware musu, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Miji ko ɗa da ya hana tsohuwa zuwa koyon sallarta, ya tanadi amsar da zai bayar gobe Ƙiyama.

Na uku, a fara da mafi wajaba: gyaran Fatiha da gajerun surori, sai tsarki da salla daga Ahlari da Ishmawi, sai azumi da zakka. Wanda ya yi nisa a wuce da shi Iziyya da Risala.

Na huɗu, malami ya yi haƙuri. Darasi ya zama kaɗan, maimaici ya yi yawa, fassara da Hausa bayyananniya. Kada a gyara wa dattijo kuskure da tsawa ko dariya. Tausasa harshe ga mai furfura yana cikin ladubban Musulunci.

Na biyar, 'yan bida su sa karatun iyayensu cikin abin da suke aikowa: tabarau, fitila, Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, salula mai ɗauke da karatu, da ɗan alherin malami. Wannan yana cikin biyayya ga iyaye.

Na shida, kada a raina ajin yaƙi da jahilci inda ake koyon karatu da rubutu da lissafi da Hausa. Dattijon da ya iya karanta takardar likita, ya gane sunan ɗansa a salula, ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya tsare lafiyarsa da haƙƙin mutane. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ya ku iyayenmu, babu wanda ya san ranar tafiyarsa, kuma a kabari kowa shi zai amsa da bakinsa, ɗa ba ya amsa wa uba. Ku riƙi allo tun ido yana gani, kunne yana ji. Jikan da ya ga kakansa zaune gaban malami ba zai bukaci bulala kafin ya tafi makaranta ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da aiki da shi, Ya yi wa tsufan iyayenmu albarka, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.