Ƙuri'ar Ƙauye: Ta Mutum Ce Ko Ta Gari?

A ƙauyenmu, can gabashin Sakkwato, ba a cika jefa ƙuri'a ɗaiɗai ba. Dattawa kan zauna a zauren mai gari ranar jajibirin zaɓe, kuma inda suka karkata nan akwati ke karkata. Na tashi ina ɗaukar wannan zumunci ne, har na zo Birnin Shehu karatu.

Zaɓen gwamna na 2019 ne ya farkar da ni. Bayan an ƙarasa shi, Aminu Waziri Tambuwal ya rinjayi Ahmad Aliyu da ƙuri'a 342 kacal. Masu katin zaɓe a ƙauyenmu sun fi haka yawa. Ke nan zaure ɗaya, ko ɗan sabulu da taliyar da aka raba da dare, na iya yanke wa jiha guda hukuncin shekara huɗu.

Ban ce a raina shawarar manya ba. Amma ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa ba a ba da aronta. Idan mahaifina ya ambaci wane, zan saurara cikin ladabi, sannan in tuna masa rijiyarmu da ta ƙafe da asibitinmu marar magani. Amma yatsan da zai dangwala nawa ne, ni kuma za a tambaya gobe kiyama.