An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsokaci Kan Fushin Masu Jinya

Gabatarwa

Tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, cinikin goro da na shanu ke ta janyo Hausawa zuwa Agege, har zango ya zama gida: a nan ake haihuwa, a nan ake jinya. Wannan ɗan tsokaci zai dubi wani abu da kan faru a wurin jinyar, wato zagi da duka da ma'aikatan sashen agajin gaggawa ke sha a hannun dangin marasa lafiya. Matsalar ta game duniya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya sukan gamu da duka a tsawon aikinsu. Tambayarmu ita ce: shin tashin hankalin wanda ɗan'uwansa ke kwance rai a hannun Allah yana wanke shi daga laifin ɗaga hannu?

Adalci Iri Biyu

Mu ƙaddara wuƙa ce ta zame wa wani mahauci a mayankar Oko-Oba, ta tsarge masa hannu. 'Yan'uwa suka garzaya da shi asibiti, aka ɗaure raunin, aka ce su jira. Suna zaune sai aka shigo da wani dattijo dafe da ƙirji, babu ɗigon jini a jikinsa, aka wuce da shi ciki nan take. Ɗan bayanin da aka yi, da Yarabanci da Turanci aka yi shi. Sai zuciya ta raya musu cewa an raina su ne don su 'yan Arewa ne. Murya ta ɗaga, hannu ya biyo baya.

A nan adalci iri biyu ne suka yi karo. Wanda muka saba da shi a bakin famfo da tashar mota shi ne a sallami wanda ya riga zuwa. Na ɗakin gaggawa kuwa shi ne a fara da wanda ya fi kusa da mutuwa. Ana danganta wannan tsari ga Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon na Faransa, wanda yakan fara da mai rauni mafi tsanani ba tare da duban muƙaminsa ba. Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe wa dattijon nan, kowane minti naman zuciyarsa mutuwa yake yi, alhali hannun da aka tsayar wa jini zai iya jira. Ido na ganin jini, amma ba ya ganin zuciya, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Warin Daddawa

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An daɗe ana kukan neman kuɗin kati kafin a taɓa majinyaci, da neman takardar 'yan sanda kafin a duba wanda aka harba. Saboda haka ne sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana kowa agajin gaggawa, kuma dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ko da babu takardar. Ga kuma ƙarancin ma'aikata, ganin yadda likitocinmu ke ƙaura zuwa Ingila da Saudiyya. To amma ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye ba ita ta yanke kuɗin kati ba, ba ita ta hana ɗaukar ma'aikata ba. Marinta barin jaki ne a daki taiki.

Uzuri da Wanke Laifi

Ya kamata mu bambanta fahimtar dalilin fushi da halatta abin da fushin ya haifar. A nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da hankali da mutunci cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Haƙuri kuwa ba ya bayyana sai ranar da dalilin fushi ya samu; wanda ba a taɓa ba, ba a san nasa ba.

Wani abin lura shi ne, wanda aka mara ba shi kaɗai ke ɗaukar asarar ba. Aiki zai tsaya a ɗakin, har da aikin ceton ɗan'uwan mai marin. Gobe kuma in wani Bahaushe ya shigo, da ɗari-ɗari za a karɓe shi. Ashe rainin da muka zarga jiya, mu da hannunmu muka shuka shi.

Kammalawa

Ingila ta kafa doka a 2018 wadda ta tsananta hukuncin dukan ma'aikatan agaji, kuma mu ma muna bukatar a riƙa hukunta mai duka. Amma hukunci bayan mari yake zuwa, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya. Ya dace fadar Sarkin Hausawan Agege da ƙungiyoyinmu su haɗa kai da asibitocin yankin, a samar da tafintoci 'yan sa kai. Asibiti ya ware wanda zai riƙa fitowa yana shaida wa dangi halin da ake ciki, domin shiru ne ke kiwon zargi. Dangi su wakilta mutum guda mai sanyin zuciya ya shiga, saura su jira a waje. Limamai kuma su bayyana wa jama'a a huɗuba dalilin da ya sa na baya kan riga na gaba ganin likita. Wanda ya san wannan tun yana lafiya, ranar da aka wuce da wani gabansa addu'a zai yi masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu kula da su juriya, amin.