Labarin Ƙage Ƙarya Ne?

Jama'a, in kun saki guga a rijiyar Ɗan Barto, ƙasa zai nufa. Me ya sa? A 1687 wani masani a Ingila, Isaac Newton, ya ce kowane abu yana jan ɗan'uwansa. A 1915 Albert Einstein ya kawo wani bayani: nauyin rana da duniya ne ke lotsa sarari, kamar buhun gero bisa katifa. Ba a yarda da baki kawai ba. A 1919, lokacin husufin rana, aka auna, aka ga hasken taurari ya karkata yadda ya faɗa.

Masu ƙaga labari kuwa ba su jiran awo. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi yawo a sararin samaniya. Wasu iyaye kan ce irin wannan ƙarya ce, kada yara su karanta.

To, maƙaryaci so yake ka ɗauki zancensa gaskiya, ya cuce ka. Mai ƙage bai ɓoye maka ba, kamar kaka mai tatsuniyar gizo. Ku bar yara su karanta. Amma ku koya musu tambaya guda: wannan, an auna shi?