Bakance da Ran Wani

Littafin Mahukunta, sura ta 11, ya kawo labarin Yefta, jarumin Gileyad, wanda ya yi bakance cewa idan ya ci Ammonawa da yaƙi, zai ƙona duk abin da ya fara fitowa tarbarsa daga gida. 'Yarsa tilo ce ta fito. Masu sharhi sun rabu: wasu sun ce ya ƙona ta, wasu kuma, kamar Dauda Kimhi, sun ce keɓe ta ya yi, ta rayu ba aure. A ganina, ko wanne ne gaskiya, yarinyar ce ta biya bashin da ba ita ta ci ba.

Attaura kanta ta haramta ƙona 'ya'ya. An fanshi ɗan Annabi Ibrahim da rago, Abdulmuɗallib kuma ya fanshi Abdullahi da raƙuma 100. Fiƙihu ya tsaya a kan cewa ba a cika bakancen saɓo, ko na abin da mutum bai mallaka ba.

Mu a Birnin Kudu da Gwaram ba ma yanka mutum, amma mun san uban da ke alƙawarta 'yarsa sadaka ga malami ko amini, ba da jin ta bakinta ba. Wani zai ce magana zarar bunu ce, dattijo ba ya janye ta. Na yarda alƙawari kaya ne, sai dai wanda ya ɗauka shi ya kamata ya ji nauyinsa. Uban da ya warware irin wannan alƙawari kunya kawai zai sha, kuma kunyarsa ta fi rayuwar 'yarsa sauƙin ɗauka.