Lamunin Mai Magani a Mizanin Madabo

Duk sa'ad da aka ta da zancen gyaran sha'anin lafiya, aka ce a mutunta ilmin 'yan ƙasa, abin da yakan faɗo wa mutane a rai shi ne saiwa da sassaƙe da ƙahon wanzami, alhali kuwa a Madabo, unguwar Wangarawa ta cikin birnin Kano, inda aka daɗe ana biya Muhtasar na Shehu Halil a zaure, akwai gadon da ya fi waɗannan daraja, wato hukuncin da fiƙihu ya rataya a wuyan mai magani. Mas'alar a sarari take: lamunin ɓarna yana kansa in ya jahilci aikin, ko ya yi sakaci, ko ya taɓa jikin mutum ba da izinin da shari'a ta yarda da shi ba, kuma ba a tambayar asalinsa ko launin fatar majinyacin.

Turawa da wani mizani suka zo. Dokarsu ta 1917 ta bar filin yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta baƙar fata da hujjar gudun zazzaɓi, asibitin Nasarawa ya zama nasu, talaka kuwa sai na Ƙofar Mata. Mulkinsu ya tafi, amma rainin bai bi shi ba, domin a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ne ba, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda ya zargi Kanawa da jahilci don sun ƙi rigakafin shan inna a 2003, ko da yake ƙin ya cuci yaranmu, ya kamata ya fara tuna wannan.

Sai dai adalci ba ya zaɓe. Hukuncin nan yana hawa kan wanzamin da ya cire wa jariri beli da askar da ba a tafasa ba, da ungozomar da yankan gishirinta ya jawo wa yarinya yoyon fitsari. Abin da nake roƙon hukuma shi ne ta zaunar da malamai da likitoci da sarakunan aska su tsara takardar izini da Hausa, boko da ajami, a karanta wa majinyaci ko waliyyinsa ita, ya fahimta, kafin allura ko aska ta taɓa fata.